Yadda ake rubuta 1 × 3 × 5 × 7 × … da faktoriyal, da inda 2ⁿ ta samo asali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da lissafi a ajin ƙarshe na sakandare. A wani littafi na ga an rubuta cewa 1 × 3 × 5 × … × (2n − 1) daidai yake da (2n)! ÷ (2ⁿ × n!), ba tare da wani bayani ba. Wani littafin ya kawo (2n − 1)! ÷ (2ⁿ⁻¹ × (n − 1)!), na uku kuma ya ce (2n + 1)! ÷ (2ⁿ × n!). Wanne ne daidai? Daga ina 2ⁿ ɗin nan ta fito? Sannan ɗalibaina sun tambaye ni amfanin abin, na rasa ta cewa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Babu littafin da ya yi kuskure a cikin ukun. Na farko da na biyu magana ɗaya suke yi, na uku kuwa taku ɗaya ya ƙara, ya tsaya a kan 2n + 1 maimakon 2n − 1. Laifinsu dai sun miƙa maka sakamako sun ɓoye hanya, alhali hanyar ba ta wuce layi uku ba. Wanda ya san ta ba ya bukatar haddace ko ɗaya, domin zai iya fitar da wadda yake so a gefen takardar jarrabawa kafin mai sa ido ya kai ƙarshen aji ya dawo.

Mu ajiye n a gefe tukuna, mu kama lambobi na zahiri. A ce muna son 1 × 3 × 5 × 7 × 9, wanda ya ba da 945. Faktoriyal ba ya tsallake kowa: 10! na nufin a ninka 1, 2, 3, har zuwa 10, kowace lamba da gurbinta. Namu jerin kuwa tsallake yake yi, ya ɗauki lambobin mara ya bar na cika. To sai mu ari na cikar mu cike gurabun, faktoriyal ya tashi sosai, sannan mu biya bashin ta hanyar rabawa da abin da muka ara:

1 × 3 × 5 × 7 × 9 = 10! ÷ (2 × 4 × 6 × 8 × 10)

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin yana cikin bakan nan na dama. Idan kana gaban allo, rubuta 2, 4, 6, 8, 10 a jere da tazara, sannan a ƙarƙashin kowacce ka fasa ta biyu: 2 × 1, 2 × 2, 2 × 3, 2 × 4, 2 × 5. Ka zagaye biyun da ke gaban kowacce da alli, ka sa yara su ƙirga da baki. Za su samu guda biyar, wato 2⁵ = 32. Abin da ya rage ba a zagaye ba shi ne 1, 2, 3, 4, 5, wato 5! = 120. Saboda haka 2 × 4 × 6 × 8 × 10 = 32 × 120 = 3,840. Shi kuma 10! = 3,628,800. Raba shi da 3,840, sai ga 945 ta fito ba ragowa.

Asalin 2ⁿ ke nan. Kowace lambar cika ta ba da biyu guda ɗaya, lambobin kuma n ne, sai biyun suka taru n, ana ninka su da juna. Idan ka mayar da 5 ta zama n, 10 ta zama 2n, ka samu abin da littafinka na farko ya rubuta:

1 × 3 × 5 × … × (2n − 1) = (2n)! ÷ (2ⁿ × n!)

Littafi na biyu ya ƙi aron 10 ne kawai. Tun da jerin a kan 9 ya tsaya, 9! ma ya wadatar, kuma lambobin cikar da ke cikinsa huɗu ne: 2 × 4 × 6 × 8 = 2⁴ × 4! = 384. Raba 362,880 da 384, 945 ce dai. Ta fuskar haruffa, an soke 2n a sama, an soke 2 × n a ƙasa, shi ya sa kowane abu ya ragu da ɗaya. Na uku kuma ya zarce zuwa 11: 11! = 39,916,800, lambobin cikar da ke ciki har yanzu 2 zuwa 10 ne, wato 3,840, sakamako 10,395, wanda shi ne 945 × 11. Ni na fi son siffa ta farko wajen koyarwa, domin n ɗaya ce ta bayyana a ko'ina, babu ragi babu ƙari, kuma ko an sa n = 0 tana aiki: 0! ÷ (1 × 0!) = 1.

Inda yara ke faɗuwa wuri uku ne, kuma kusan kullum su ne dai. Na farko, rubuta 2 × n! a madadin 2ⁿ × n!. Yaro ya saba da cewa 2 + 4 + 6 = 2 × (1 + 2 + 3), inda ake fitar da biyu sau ɗaya, sai ya kwaso wannan ɗabi'a ta tarawa ya kawo ta cikin ninkawa. Maganinsa shi ne zagayen allin nan, ya ga biyun da idonsa. Na biyu, watsi da baka. (2n)! da 2n! ba ɗaya ba ne: idan n = 3, na farko 720 ne, na biyu 2 × 6 = 12. Na uku, wanda ya fi cin maki, rashin gane n. Aka ce a rubuta 1 × 3 × 5 × … × 99, sai yaro ya sa n = 99. A'a. Lambar ƙarshe ita ce 2n − 1, don haka 2n − 1 = 99, n = 50, amsa kuma 100! ÷ (2⁵⁰ × 50!), lamba mai alƙaluma 79. Ka koya musu gwaji da ƙaramar lamba kafin su miƙa takarda. Duk ƙa'idar 1 × 3 × … × (2n − 1) da aka sa mata n = 2 ba ta ba da 3 ba, ko n = 3 ba ta ba da 15 ba, akwai gyara a cikinta.

Idan jerin bai fara daga 1 ba, a ce 7 × 9 × 11 × 13, sai a lissafa daga 1 zuwa 13 a raba da na 1 zuwa 5. Na farko 14! ÷ (2⁷ × 7!) = 135,135, na biyu 6! ÷ (2³ × 3!) = 15, sakamako 9,009. Duba da kanka: 63 × 143.

Masu shirya jarrabawa suna son a tabbatar da ƙa'idar ta hanyar hawa-hawa, wato a nuna ta yi a n = 1, sannan a nuna idan ta yi a n za ta yi a n + 1. Ba wuya: daga (2n)! zuwa (2n + 2)! an ƙara (2n + 1)(2n + 2) a sama, a ƙasa kuma an ƙara 2 × (n + 1), wanda shi ne 2n + 2, suka cinye juna, 2n + 1 kaɗai ta rage, ita ce kuma lambar mara ta gaba. Hujja ce ingantacciya, amma ban ba ka shawarar farawa da ita ba. Tana tabbatar wa yaro abin gaskiya ne, ba ta nuna masa yadda aka yi wani ya gano shi. Wata tambayar da ke yawan zuwa ita ce a nuna (n + 1)(n + 2) … (2n) tana rabuwa da 2ⁿ. Ita ma wannan ƙa'idar ce aka juya: (2n)! ÷ n! = 2ⁿ × 1 × 3 × … × (2n − 1). Misali 5 × 6 × 7 × 8 = 1,680 = 16 × 105. Tun da 105 mara ce, biyu huɗu ne cif a ciki, ba a samun ta biyar.

Akwai gajeriyar alama da za ka riƙa cin karo da ita a littattafan jami'a: 9!! na nufin 9 × 7 × 5 × 3 × 1, ana saukowa da bibbiyu. Alamar motsin rai guda ɗaya ta faktoriyal, Christian Kramp ɗan Faransa ne ya shigo da ita a 1808, mai guda biyun kuma ana samunta a rubutun masanin fiziya Arthur Schuster na 1902. Ka ja kunnen ɗalibai kada su ɗauka faktoriyal ne a kan faktoriyal. 5!! = 15 ne kacal, amma (5!)! shi ne 120!, lamba mai alƙaluma 199. Shi kansa lissafin ya girmi alamar nesa ba kusa ba. Khalil bin Ahmad na Basra, wanda ɗaliban aruli suka sani da tsara ma'aunan waƙa, tun a ƙarni na 8 ya ƙirga cewa saiwar kalma mai harafi biyu tana jujjuyawa hanya 2, mai uku 6, mai huɗu 24, mai biyar 120. Faktoriyal ne wannan, sunan ne kawai bai zo ba.

Yanzu ga tambayar ɗalibanka, wadda a wurina ta fi sauran daɗi, domin a nan ne 2ⁿ da n! suke daina zama dabarar alli su zama abin da ake gani.

A ce ƙungiyoyi huɗu, Kano Pillars, Enyimba, Rangers da Shooting Stars, sun kai wasan kusa da na ƙarshe, za a jefa ƙuri'a a haɗa su bibbiyu. Hanya nawa ce? Kama Pillars ka tambayi wa za ta kara da shi. Ko Enyimba, ko Rangers, ko Shooting Stars. Da zarar an san abokin karawarta, biyun da suka rage ba su da zaɓi, dole su haɗu. Hanya 3 ke nan, wato 3 × 1. Idan ƙungiyoyi shida ne, ta farko tana da zaɓi 5, saura huɗu, waɗanda muka riga muka san hanyarsu 3 ce, sai 5 × 3 × 1 = 15. Idan takwas ne, 7 × 5 × 3 × 1 = 105. Duk lokacin da aka haɗa biyu, an cire biyu daga cikin jaka, shi ya sa zaɓin ke saukowa ta kan lambobin mara.

To sake ƙirga abin nan ta wata hanya dabam. Ka jera ƙungiyoyi shidan a layi ɗaya, ka ce ta farko da ta biyu su kara, ta uku da ta huɗu, ta biyar da ta shida. Jera abu shida yana da hanya 6! = 720. Amma wannan ƙirga ta maimaita kanta da yawa. Pillars da Enyimba, ko Enyimba da Pillars, wasa ɗaya ne, kuma kowane wasa cikin ukun ana iya juya shi haka, wato 2 × 2 × 2 = 8. Sannan wasannin uku su kansu ana iya sauya musu wuri a layin ba tare da an canza wa zai kara da wa ba, hanya 3! = 6. Kowane haɗi na gaske ya fito sau 8 × 6 = 48 a cikin 720 ɗin. Raba, ka samu 15.

Ka ga abin da ya faru? Mun ƙirga abu ɗaya ta hanya biyu. Ta farko ta ba da 5 × 3 × 1, ta biyu ta ba da 6! ÷ (2³ × 3!). Tun da abin da aka ƙirga ɗaya ne, dole amsoshin su zo daidai, kuma wannan ma cikakkiyar hujja ce, ba a taɓa ko lambar cika ɗaya ba. A nan 2ⁿ tana nufin ba mu damu da wanda aka fara ambata a cikin kowane wasa ba, n! kuma tana nufin ba mu damu da wasan da aka fara rubutawa ba. Idan ka samu aji mai kuzari, fito da yara shida gaban allo su haɗa kansu bibbiyu, wani ya riƙa rubutawa, har sai sun cika 15 sun rasa ta 16. Darasin kan ɗauki lokaci, amma ba ya fita daga kai.

Lambobin suna kumbura da sauri: 1, 3, 15, 105, 945, 10,395, 135,135, 2,027,025. Ta ƙarshen nan ita ce ta ƙungiyoyi 16. Gasar Firimiyar Ingila tana da ƙungiyoyi 20, don haka wasannin mako ɗaya ana iya haɗa su ta hanya 19!! = 654,729,075. Idan kuma aka ce a bambanta mai masaukin baƙi da baƙo, to juyawar nan ta cikin wasa ta zama mai ma'ana, sai a daina rabawa da 2¹⁰, a bar 20! ÷ 10! = 670,442,572,800. Ajin da ke da yara 40, zaunar da su bibbiyu a benci, ba tare da kula da wane benci ba, yana da hanya 39!!, lamba mai alƙaluma 24. Ga wata 'yar tambaya da za ka iya ba su: a ƙuri'ar ƙungiyoyi takwas, mene ne yiwuwar wasu manya biyu su haɗu? Idan an haɗa su, shidan da suka rage suna da hanya 15, jimlar hanyoyi 105, amsa 15 ÷ 105, wato 1 cikin 7. Yaro mai kaifin basira zai ce ai a bayyane yake, tun da abokan karawa bakwai ne. Gaskiyarsa, kuma ka yaba masa.

Wuri na biyu da abin ke ɓullowa shi ne jefa kwabo, irin wanda alƙalin wasa ke yi kafin a take ƙwallo. An jefa sau 10, mene ne yiwuwar fuskar kai ta fito sau 5 daidai? Littafin aji zai ce ¹⁰C₅ ÷ 2¹⁰ = 252 ÷ 1,024, kimanin 0.246. Yanzu raba lambobinmu na ɗazu, 945 ÷ 3,840. Shi ma 0.246 ne. Ba dace aka yi ba. ²ⁿCₙ ÷ 4ⁿ shi ne (2n)! a kan (2ⁿ × n!) × (2ⁿ × n!). Ɗaya daga cikin bakan biyu ya haɗu da (2n)! ya ba da ninkin lambobin mara, ɗayan kuma shi ne ninkin lambobin cika. Wato yiwuwar a tashi rabi da rabi ita ce (1 × 3 × 5 × …) ÷ (2 × 4 × 6 × …). Mutane da yawa suna zaton yawan jifa yana ƙara kusantar da canjaras cif. Lissafin ya ce akasin haka: a jifa 10 kusan kashi 25 cikin 100 ne, a jifa 100 ya sauko kusan kashi 8, domin kowane sabon mataki ana ninkawa da abin da bai kai ɗaya ba, 11/12, 13/14, haka dai. Abin da ke kusantar rabi shi ne kason, ba daidaituwar ƙirgar ba.

Su ɗalibanka kuwa, inda za su fara haɗuwa da jerin nan a jarrabawa shi ne faɗaɗa baka mai ƙarfin da ba cikakkiyar lamba ba, aikin da Isaac Newton ya bayyana a wasiƙunsa na 1676:

1 ÷ √(1 − x) = 1 + (1/2)x + (1 × 3)/(2 × 4) x² + (1 × 3 × 5)/(2 × 4 × 6) x³ + …

Wato 1/2, 3/8, 5/16, 35/128. Dalilin fitowar mara a sama shi ne ana ninka 1/2, 3/2, 5/2, kowanne ya ɗara na baya da ɗaya. Idan aka ce yaro ya rubuta gaɓa ta n a dunƙule, ba tare da ɗigo-ɗigo ba, ƙa'idarka ce za ta fitar da shi. Ga misalin da nake so a nuna wa duk mai cewa abin ba shi da amfani. Sa x = 0.02. Hagu ya zama 1 ÷ √0.98, wanda shi ne √2 ÷ 1.4. Dama kuma 1 + 0.01 + 0.00015 + 0.0000025 = 1.0101525. Ninka da 1.4, ka samu 1.4142135. Kalkuleta za ta ce √2 = 1.41421356. Gaɓa huɗu, da biro da takarda, sun kawo mu nan. Idan kuma aka sa v²/c² a gurbin x, inda v gudun abu ne, c kuma gudun haske, jerin nan ne ke cikin nazariyyar Einstein ta 1905, kuma 1/2 ta farkon ita ce ke haifar da ½mv² da ake koyarwa a ajin fiziya, 3/8 ɗin kuwa gyara ne da ba a jin sa sai gudu ya kusanci na haske.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa π, abin da ya fi ba mutane mamaki, tun da babu da'ira a ko'ina cikin maganarmu. John Wallis na Jami'ar Oxford ya wallafa a 1656 cewa π/2 = (2 × 2)/(1 × 3) × (4 × 4)/(3 × 5) × (6 × 6)/(5 × 7) × … har abada. Idan ka tsaya a gaɓa ta biyar, abin da ke sama 3,840 × 3,840 ne, na ƙasa 945 × 945 × 11, su ba da 1.501, wato π ta fito kusan 3.002. Tafiyar hawainiya yake yi, ba wanda zai nemi π da shi yau. Amfaninsa a wani wurin yake: shi ne ke nuna cewa yiwuwar canjaras a jifa 2n tana kusan 1 ÷ √(πn). Gwada n = 50, ka samu 0.0798, amsar gaskiya kuma 0.0796. Ta irin wannan hanya ce √(2π) ke shiga ƙiyasin faktoriyal da ake jingina wa James Stirling, na 1730, wanda idan ka zuba shi cikin ƙa'idarmu zai ba ka (2n − 1)!! ≈ √2 × (2n ÷ e)ⁿ, inda e lamba ce tsayayya, kusan 2.718. A n = 10 ya ba da kusan miliyan 657, gaskiyar kuma miliyan 654.7, kuskuren bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba.

Sauran wuraren zan ratsa su da sauri, don na jami'a ne. A ilimin ƙididdiga, rarrabuwar Gauss mai siffar ƙararrawa, wadda aka daidaita tsakiyarta a sifili da bazuwarta a ɗaya, idan z ita ce ƙimar da ake aunawa, matsakaicin z² a cikinta 1 ne, na z⁴ 3, na z⁶ 15, na z⁸ 105, kuma Leon Isserlis ya nuna a 1918 cewa haɗin bibbiyun nan ne ake ƙirgawa a ɓoye. Masu zana bishiyar dangantaka, ko ta nau'o'in ƙwayar cuta ko ta harsuna, su ma suna fama da shi. Ɗauki Hausa, Gwandara, Bolanci da Ngizim, dukansu harsunan Cadi ta yamma. Idan kowane reshe biyu yake rabuwa, harsuna biyu bishiya ɗaya ce, na uku yana da wurin maƙalawa 3, na huɗu 5, sai bishiyoyi 15 masu yiwuwa, mai bincike ya nemi wadda hujja ta goyi baya. Da abu 10 bishiyoyin sun kai 34,459,425. Da abu 20 sun haura 8 × 10²¹, shi ya sa ko kwamfuta ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya, sai dai ta yi laluben dabara.

Sai gargaɗi game da na'ura. Ƙa'idar nan ta rubutu da hujja ce, ba ita ce hanya mafi sauƙi ta samun lambar ba. Kalkuletar Casio irin ta 'yan makaranta tana tsayawa a 69!, domin 70! ya haura 10¹⁰⁰. Idan yaro ya so 1 × 3 × … × 69 ya bi siffa ta farko, n = 35, zai danna 70! ta ce masa Math ERROR, alhali amsar kusan 3.37 × 10⁴⁹ ce kawai, wadda kalkuletar za ta ɗauka cikin sauƙi. A nan littafinka na biyu ya yi rana: 69! ÷ (2³⁴ × 34!) zai wuce lafiya. Excel kuma yana kaiwa 170! kafin ya gaza, amma yana da FACTDOUBLE, wanda ke ninka lambobin kai tsaye. Mai rubuta manhaja ma gara ya ninka su ɗaya bayan ɗaya, da ya gina ƙatuwar lamba don kawai ya rushe ta da rabawa.

Cikin ɗalibanka ba za a rasa wanda zai tambaya ko dabarar za ta yi wa 1 × 4 × 7 × 10 ba, inda ake tsallaken uku-uku. Bar shi ya gwada. Zai cike gurabu har 12!, ya ga ya ari jeri biyu: 3 × 6 × 9 × 12, wanda ya warware sumul ya zama 3⁴ × 4!, da kuma 2 × 5 × 8 × 11, wanda ya ƙi warwaruwa, domin matsalarsa irin ta wanda aka fara da shi ce. Lambobin mara sun yi sa'a ne, abin da suka tsallake jeri ɗaya ne tak, kuma kowace lamba a cikinsa ninkin biyu ce. Tsallaken uku sai an koma ga aikin Gamma, mai alamar Γ, wanda ya samo asali daga binciken Leonhard Euler na 1729, mai ba faktoriyal ma'ana ko a kan ɓangaren lamba. Da shi 1 × 4 × 7 × … × (3n − 2) = 3ⁿ × Γ(n + 1/3) ÷ Γ(1/3), namu kuma ya zama 2ⁿ × Γ(n + 1/2) ÷ Γ(1/2), inda Γ(1/2) = √π.